Jita mai wuya biyu: Asalinta, amfaninta da ɗawainiyar da ke kan mai ita

Jita mai wuya biyu tana cikin kayan kiɗan da ido yake riga kunne saninsu. Gangar jikinta ɗaya ce, amma dogayen sanduna biyu ne suka fito daga cikinta, kowace da nata tsirkiyoyin, kai ka ce tagwaye ne aka haifa manne da juna. Wanda ya ga hotonta rataye a kafaɗar makaɗan Turai da Amurka na shekarun 1970 yakan ɗauka burga ce kawai irin ta masu hawa dandamali. Burgar kam akwai ta, sai dai tarihi ya nuna cewa larura ce ta haifi wannan jita. Makaɗi ne guda yake da waƙar da ke neman amo iri biyu, alhali babu ko daƙiƙa ɗaya a cikin waƙar da zai ajiye wata jita ya ɗauki wata.

Sanin wannan larura shi ne mabuɗin fahimtar jitar baki ɗaya, tun daga dalilin ƙera ta, da mutanen da suka yi suna da ita, har zuwa tambayar da ke gaban duk mai sha'awar mallakarta: shin ribar ta kai wahalar?

Yadda aka ƙera ta

Abin da ake kira wuya a jikin jita shi ne doguwar sandar da tsirkiyoyi suke bi ta kanta, inda makaɗi yake danna su da yatsun hannu ɗaya yayin da yake kaɗawa da ɗayan. An gitta siraran ƙarafa a jikin wuyan waɗanda suka raba shi gida-gida, kuma kowane gida da amon da yake bayarwa. A jitar lantarki, a ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai na'urar ɗaukar amo, wadda mayen ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai girgizar ta zama sigina ta lantarki, ta bi waya zuwa na'urar ƙara sauti, daga nan jama'a su ji.

Jitar da aka saba gani tana da wuya ɗaya da tsirkiya 6. Mai wuya biyu da ta fi yaɗuwa kuwa tana da tsirkiya 12 a wuyan sama da 6 a na ƙasa, jimilla 18. Tsirkiyoyin nan 12 an jera su ne bibbiyu, ana danna kowane biyu tare kamar guda. A jeri huɗu masu kauri, abokiyar kowace tsirkiya siririya ce da aka ɗaure ta yadda amonta zai hau sama da tazarar da masana kiɗa suke kira oktaf, wato irin bambancin da ake ji idan magidanci da ƙaramin yaro suka rera baiti ɗaya, muryar yaron tana sama, ta babban tana ƙasa, amma karin bai saɓa ba. Sauran jeri biyu kuwa amo ɗaya suke bayarwa. Sakamakon haka shi ne sauti mai faɗi da ƙyalli, kamar jita biyu ake kaɗawa a lokaci guda. Wannan sauti yana da daɗi wajen rakiyar murya, amma yana da wahalar sarrafawa idan aka zo wurin da makaɗi zai yi gudu da yatsu ko ya lanƙwasa tsirkiya don ta yi kuka. A nan ne mai tsirkiya 6 take da fifiko.

Kowane wuya yana da nasa na'urorin ɗaukar amo, kuma akwai makunni mai matsayi uku da yake zaɓar wanda za a ji: na sama, ko na ƙasa, ko duka biyun. Ba dole ba ne haɗin ya zama na 12 da 6. Akwai wadda ta haɗa jita da bes, wato jita mai kaurin murya, akwai wadda ta haɗa jita da mandolin, akwai kuma mai wuya biyu iri ɗaya da aka yi wa kowanne ɗauri daban.

Inda ta samo asali

Tunanin haɗa kayan kiɗa biyu a jiki ɗaya ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. A gidan adana kayan tarihi na birnin Vienna da ke ƙasar Ostiriya akwai wata jita da Alexandre Voboam ya ƙera a Faransa a 1690, wadda aka manna wa wata ƙaramar jita a gefenta. A ƙarni na 19 ma makaɗan Vienna sun yi amfani da jita mai wuya na biyu da ba shi da gidaje, wanda yake ɗauke da tsirkiyoyi masu kaurin murya kawai.

A zamanin lantarki kuwa, masu kaɗa jitar kwance ne suka fara jin matsin. Wannan jita, wadda salonta ya fito daga tsibiran Hawai, ana kwantar da ita ne a cinya ko a kan ƙafafu kamar tebur, makaɗi yana zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin. Tunda ƙarfen miƙaƙƙe ne, ba ya iya yin abin da yatsu huɗu suke yi, don haka irin ɗaurin da aka yi wa tsirkiyoyin shi ne yake iyakance abin da za a iya kaɗawa. Mafitar da aka samu ita ce a ƙara wuya, kowanne da ɗaurinsa. Jitar kwance ta Stringmaster da kamfanin Fender ya fitar a 1953 tana zuwa da wuya biyu, ko uku, ko ma huɗu. Daga baya aka ƙirƙiro matakan ƙafa masu sauya ɗaurin tsirkiya ana cikin kiɗa, sai bukatar wuyoyi da yawa ta ragu, aka tsaya a kan biyu masu tsirkiya goma-goma. Makamanciyar wannan jita mai matakan ƙafa ce Demola Adepoju ya shigar da amonta cikin kiɗan juju na King Sunny Ade.

Jitar da ake ratayawa a kafaɗa ta bi sahu a farkon shekarun 1950, a hannun makaɗan kiɗan karkarar Amurka. Paul Bigsby ya ƙera wa Grady Martin mai haɗe da mandolin, shi kuma Semie Moseley, wanda ya kafa kamfanin Mosrite, ya ƙera wa Joe Maphis mai wuya biyu a 1954, na saman gajere mai siririyar murya. Maphis yana fitowa da ita a talabijin a jihar Kalifoniya, yana tsallakawa daga wannan wuya zuwa wancan cikin ƙiftawar ido.

A 1958 kamfanin Gibson ya fitar da samfurin EDS-1275, wanda har gobe shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Da farko jikinsa yana da rami a ciki, sannan a farkon shekarun 1960 aka sauya shi zuwa katako cikakke mai ƙahoni biyu, irin siffar jitar SG ta kamfanin. Ba ta yi kasuwa sosai ba. Ɗaiɗaikun makaɗa irin su Earl Hooker na birnin Chicago ne suka riƙe ta, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 an daina ƙera ta sai ga wanda ya yi oda ta musamman.

Waƙar da ta ɗaukaka ta

Abin da ya fitar da wannan jita daga lungu shi ne wata matsala da Jimmy Page, makaɗin ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila, ya jawo wa kansa. Lokacin da suke naɗar waƙar Stairway to Heaven, mai tsawon kimanin minti 8, ya yi amfani da jita uku a sutudiyo: ta katako marar lantarki a farkon waƙar, ta lantarki mai tsirkiya 12 a tsakiya, sannan Fender Telecaster mai tsirkiya 6 a wurin da ya baje kolin yatsunsa kusa da ƙarshe. A sutudiyo wannan ba komai ba ne, domin ana naɗar kowane sashe daban sannan a ɗora wani kan wani. A gaban jama'a kuwa Page shi kaɗai ne mai jita a ƙungiyar, kuma waƙar ba ta da wurin numfasawa.

Saboda haka ya nemi Gibson su samar masa da EDS-1275, duk da cewa ba ta cikin kayan da suke sayarwa a lokacin. An fara kaɗa waƙar a bainar jama'a ranar 5 ga Maris, 1971, a zauren Ulster da ke Belfast, watanni kafin faifan ya fito a Nuwamban shekarar. Page yakan fara a wuyan ƙasa, ya hau na sama idan waƙar ta ɗauki zafi, ya sake saukowa wurin baje kolin yatsunsa. Ya kuma yi amfani da ita wajen kaɗa The Song Remains the Same da The Rain Song a jere, ta farko a wuyan sama, ta biyu a na ƙasa da aka yi wa wani ɗauri na dabam. Abin lura shi ne, waƙar da ta sa duniya ta san jita mai wuya biyu ba da ita aka naɗe ta ba. Kayan dandamali ce tun asali. Farin jinin da Page ya jawo mata ne ya sa Gibson ya dawo da ita kasuwa a shekarun 1970.

Irin wannan matsala ce ta sami Don Felder na ƙungiyar Eagles ta Amurka da waƙar Hotel California, wadda ta fito a ƙarshen 1976. Waƙar tana buɗewa da jita mai tsirkiya 12, tana rufewa da doguwar musayar kiɗa tsakanin Felder da Joe Walsh a kan masu tsirkiya 6. Felder ya samu farar EDS-1275, ya maƙala matsi a gida na 7 na wuyan sama don ya ɗaga muryarsa, sannan ya sa aka yi mata mafitar waya biyu, yadda kowane wuya zai tafi ga tasa na'urar ƙara sauti.

Ƙungiyar Rush ta Kanada, mai mutum uku kacal, ta kai abin wani mataki. A waƙarsu Xanadu ta 1977, mai tsawon kusan minti 11, Alex Lifeson yana riƙe da Gibson mai wuya biyu, shi kuma Geddy Lee yana riƙe da Rickenbacker da ta haɗa bes da jita. Idan Lifeson ya shiga kiɗansa na kaɗaici, sai Lee ya bar bes ya koma wuyan jita ya tallafe shi, yana fitar da amo mai kauri da matakan ƙafa. Da haka mutum uku suke yin aikin mutum biyar. Mike Rutherford na ƙungiyar Genesis ya yi irin wannan dabara, har kamfanin Shergold ya ƙera masa wadda ake iya raba ta biyu a sauya rabin sama da wani. John McLaughlin ya shigar da ita kiɗan jaz na zamani a ƙungiyarsa ta Mahavishnu Orchestra. Junior Brown kuwa, da taimakon maƙeri Michael Stevens, ya haɗa jitar lantarki da jitar kwance a jiki ɗaya a 1985, kuma a kan ƙarfe yake ɗora ta, ba ya ratayawa.

Najeriya ma tana da nata gwanin. Marigayi Sir Victor Uwaifo na birnin Benin, mai waƙar Joromi, wanda ya haɗa kiɗa da sassaƙa da koyarwa a jami'a, ya yi suna da jitarsa mai wuya biyu da yake juyawa tana kewayawa ana tsakiyar wasa. Ya rasu a watan Agustan 2021 yana da shekara 80.

Daga biyu zuwa biyar

Da zarar an wuce wuya biyu, sai ma'aunin ya fara karkata daga larura zuwa nishaɗi, kuma masu yin hakan ba su ɓoye ba. Rick Nielsen na ƙungiyar Cheap Trick ya saba rataya jita da yawa a jikinsa, wata kan wata, yana kaɗa ta sama ya cire ta, ya koma ta ƙarƙashinta. A 1981 kamfanin Hamer ya haɗa masa su wuri ɗaya: jita mai wuya biyar da tsirkiya 36, na sama mai 12, na can ƙasa kuma marar gidaje. Nielsen mutum ne mai barkwanci, kuma jitar tana cikin barkwancin. Tun a 1984 fim ɗin This Is Spinal Tap, mai yi wa makaɗan rok shaguɓe, ya nuna ɗaya daga cikin taurarinsa rataye da bes mai wuya biyu, alamar cewa abin ya riga ya zama abin zolaya a idon wasu.

Michael Angelo Batio ya ɗauki wata hanyar. Jitarsa wuyoyinta ba a jere suke ba, ɗaya ya nufi dama, ɗaya hagu, yana buga kowanne da hannu guda a lokaci ɗaya, kuma ya yi wata mai wuya huɗu. Steve Vai ya fito da mai wuya uku da siffar zuciya a ƙarshen shekarun 1980, sannan a 2022 ya bayyana wadda ya kira Hydra, ƙirar kamfanin Ibanez, mai ɗauke da wuya mai tsirkiya 12, da mai 7, da bes mai 4, da ƙarin tsirkiyoyi 13 da ake kaɗawa ba tare da dannawa ba. Abin da ya bambanta Hydra shi ne Vai ya tsara kiɗa na musamman dominta, Teeth of the Hydra, inda yake kaɗa dukkan sassan shi kaɗai a tashi guda. Wato ko a nan, sai da aka samo wa jitar aikin yi kafin ta wuce abin kallo.

A 2019 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya baje kolin kayan kiɗan rok, inda jitar Page da ta Felder da mai wuya biyar ta Nielsen suka samu gurbi a cikin kayan da aka nuna wa jama'a.

Abin da makaɗi zai tarar

Abu na farko da mai ɗaukar wannan jita zai ji shi ne nauyi. Jitar lantarki ta yau da kullum tana tsakanin kilo 3 da 4 da ɗoriya. Mai wuya biyu takan kai kilo 5 zuwa 6, wasu ma sun haura, kuma duk nauyin a kafaɗa ɗaya yake sauka. Ga shi kuma kawunan wuyoyin suna ɗauke da maɗaura 18 na ƙarfe, don haka jitar takan rinjaya ta wannan ɓangare da zarar an sake ta, sai hannun da ya kamata ya ji da danna tsirkiya ya koma tallafe wuya. Wannan ne ya sa da dama daga cikin mashahuran da aka ambata waƙa ɗaya ko biyu suke kaɗawa da ita a dare guda, sannan su miƙa ta su karɓi mai sauƙi. Faffaɗan maratayi na fata mai kama riga yana rage wahalar, haka ma ɗora ta a kan ƙarfe mai ƙafafu. Wanda yake fama da ciwon baya ko na kafaɗa ya kamata ya auna wannan tun kafin ya kai ga batun kuɗi.

Na biyu shi ne tsayi. Kowane makaɗi yana da inda ya saba jitarsa ta tsaya a jikinsa. A nan kuwa wuya biyu ne a kan maratayi ɗaya, idan aka daidaita na ƙasa sai na sama ya taso kusa da ƙirji, idan aka daidaita na sama sai na ƙasa ya sauka har wuyan hannu ya lanƙwashe. Ba a samun yadda duka biyun za su zauna daidai, sai dai a zaɓi wanda aka fi aiki da shi a fifita shi. Sannan idan ana kaɗa wuyan ƙasa, dantsen hannun da ke kaɗawa yana ratsawa ne ta kan tsirkiyoyin sama, hannun da ke dannawa kuma yana aiki a ɗan tsakanin da ke raba wuyoyin biyu. A samfurin Gibson akwai ƙarin cikas: gidaje 20 ne kacal, kuma wuyan yana shiga jiki tun daga wajen gida na 15, saboda haka kaiwa ga amo mafi siranta yana bukatar miƙa yatsu fiye da yadda aka saba.

Na uku shi ne sauyawa, wadda ita ce dalilin jitar gaba ɗaya. Cikin bugu ɗaya na kiɗa makaɗi zai ɗauke hannu biyu daga wannan wuya zuwa wancan, ya kuma tura makunni. Wanda ya manta makunnin zai kaɗa wuyan da ba a kunna ba, jama'a su ji shiru. Masu koyo sukan ware wannan motsi su maimaita shi shi kaɗai, a hankali, har hannu ya haddace, kuma a tsaye, domin yadda jitar take zama a cinya daban yake da yadda take rataye. Yana da kyau kuma a daidaita ƙarfin sautin wuyoyin biyu tun kafin a hau dandamali, don kada ɗaya ya danne ɗaya.

Akwai wata baiwa da jitar take da ita wadda jita biyu a rabe ba za su bayar ba. Tunda katako ɗaya ne yake ɗauke da wuyoyin, idan aka kaɗa na ƙasa sai girgizar ta ratsa jiki ta motsa tsirkiyoyin sama, su riƙa amsawa a hankali ba tare da an taɓa su ba. Idan aka bar makunni a tsakiya, wannan amsawa tana fita kamar wata inuwar sauti a bayan kiɗan, kuma Page ya yi amfani da ita da gangan. Amma takobi ce mai kaifi biyu, domin idan kiɗan ya koma wani karin da bai dace da ɗaurin wuyan sama ba, ko aka ƙure sauti, sai amsawar ta zama hayaniya. Maganinta shi ne kashe wuyan da ba a amfani da shi, ko a saƙala ɗan ƙyalle mai laushi a ƙarƙashin tsirkiyoyinsa.

Kuɗi da kulawa

Farashin wannan jita ya bambanta ƙwarai. A can ƙololuwa, a 2024 Gibson ya fitar da kwafi 50 kacal na jitar Jimmy Page, kowace a kan Dala 49,999, waɗanda masu tara kayan tarihi aka nufa da su. Sabuwar Gibson ta gama-gari ma dubban daloli ce. A ƙasa da haka akwai Epiphone G-1275, ƙirar wani reshe na Gibson, da wasu samfura masu rahusa da ake ƙerawa a Asiya. Ga mai saye daga Najeriya ko Nijar, bayan farashin akwai canjin kuɗi da kuɗin dako da na kwastan, kuma akwatinta ya fi na jitar yau da kullum faɗi da nauyi. Samun akwatin shi kaɗai ba abu ne mai sauƙi ba, don haka wanda zai sayi ta hannu ya tabbatar da akwatinta aka haɗa masa.

Wajen duba ta hannu, kowane abu sau biyu ake dubawa. A hango kowane wuya daga kai zuwa gindi a ga ko ya miƙe, a tabbatar ƙarfen da ke cikinsa, wanda ake juyawa don gyara lanƙwasa, yana aiki. A duba bayan kawunan da kyau, domin a jita mai ƙirar Gibson nan ne wurin da ya fi saurin tsagewa idan ta faɗi, kuma kan mai tsirkiya 12 dogo ne, ga jan tsirkiyoyi masu yawa a kansa. A gwada kowane makunni a ji ko yana ƙara ko yankewa. Sannan a rataya ta a tsaya da ita na minti goma sha biyar, domin abin da kafaɗa za ta faɗa a wannan lokaci ya fi duk bayanin mai sayarwa.

Bayan saye, hidimar ba ta ƙarewa. Sauya tsirkiya yana nufin sayen ƙunshi biyu, na 12 da na 6, da zaman ɗaura 18 ɗaya bayan ɗaya. Daidaita su ma aiki ne, musamman jeri bibbiyun nan, inda ɗan saɓani kaɗan tsakanin abokan juna yake fitowa fili, kuma siririyar tsirkiyar da ke jeri na uku ta yi ƙaurin suna wajen tsinkewa. Katako kuma yana numfashi da yanayi. Bushewar hunturu tana sa shi ya tsuke har bakin ƙarafan gidaje ya fito yana karce yatsa, laimar damina kuma tana kumbura shi tana sa tsirkiya tsatsa. Ajiye jitar a akwatinta, nesa da rana da cikin mota mai zafi, da goge tsirkiyoyi bayan kowane wasa, su ne mafi arhar kariya. Mai gyara kuwa zai caji kuɗin aikin jita biyu, domin aikin jita biyu zai yi.

Wa ta dace da shi?

Yau akwai hanyoyin da babu su a 1971. Akwai ƙananan na'urori da ake takawa da ƙafa waɗanda suke kwaikwayon amon tsirkiya 12 daga jita mai 6. Tun 2002 kamfanin Line 6 ya fitar da jitar Variax, wadda take kwaikwayon jita iri-iri da murɗa maɓalli ɗaya. Ƙungiyar da take da masu jita biyu kuwa ba ta da matsalar tun farko, kowa sai ya riƙe tasa. A sutudiyo ma jita biyu a rabe sun fi sauƙin kaɗawa, kuma sau da yawa kuɗinsu a haɗe bai kai na mai wuya biyu ta kirki ba. Masu kunnen kiɗa da dama suna ganin kwaikwayon na'ura bai kai ainihin tsirkiya biyu da ke karo da juna a ƙarƙashin yatsa ba, kuma wannan ne ya sa har yanzu ake ƙera ta ana saye.

Tambayar da mai niyya zai yi wa kansa ita ce wadda Page da Felder da Lee suka amsa kafin su ɗauke ta: akwai waƙar da nake kaɗawa a gaban jama'a wadda take neman amo biyu, ba ni da abokin da zai riƙe ɗaya, kuma ba ni da sararin sauyawa? Wanda amsarsa ta zama e, zai samu abin da zai fitar da shi kunya, ya kuma ga dalilin jure nauyin. Wanda yake son ta don kyan gani ko don ƙaunar waɗancan mawaƙa, wannan ma dalili ne, muddin ya san abin da ya saya, ya kuma san cewa za ta fi daɗewa a akwati fiye da a kafaɗarsa. Mai koyo kuwa gara ya fara ƙwarewa a wuya ɗaya, domin duk waɗanda suka yi suna da mai wuya biyu sai da suka gama da mai ɗaya tukuna.